Gwangwama a Gefen Tsakar Gida: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Masu karatu, assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili tun daga ƙarshen bazara sun karkata ne ga magana ɗaya, wato furen da za a jera a gefen tsakar gida ko a bakin hanyar shiga makaranta wanda ba sai an sake neman irinsa kowace shekara ba. Saboda haka na keɓe musu fitowar wannan wata, na kuma taƙaita wasu daga cikin wasiƙun domin fili ya isa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Kowace damina ni da ɗalibaina muna shuka fulawa a gaban ajujuwa, ta yi kyau na ɗan lokaci, da zarar iskar hunturu ta taso sai ta bushe, baɗi kuma mu koma neman iri. Wace fulawa ce za mu shuka sau ɗaya ta riƙa dawowa da kanta? Ƙasarmu jigawa ce, ruwanmu kuma na rijiya ne.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan himma. Furannin da kuke shukawa ba su yi muku laifi ba, domin yawancin waɗanda ake sayar da irinsu a kasuwa 'yan shekara ɗaya ne, aikinsu shi ne su tsiro, su yi fure, su zubar da 'ya'ya, su mutu. Abin da kike nema shi ne tsiron da yake ajiye abincinsa a ƙarƙashin ƙasa, ta yadda idan rani ya ƙone abin da ke sama, ransa yana nan a ɓoye yana jiran ruwa. A cikin irin waɗannan, wadda na fi amincewa da ita a ƙasar Kano da Jigawa ita ce gwangwama, wadda masu sayar da fulawa a birni suke kira kana.

Mai yiwuwa kin san ta ko da ba ki riƙe sunanta ba. Ganyenta faffaɗa ne mai kama da na ƙaramar ayaba, tana kai tsayin mita ɗaya zuwa biyu, furenta ja ne ko rawaya ko ruwan lemo, wani ma da ɗige-ɗige, 'ya'yanta kuma baƙaƙe ne mulmulallu masu tsananin tauri. Asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, inda mutanen tsaunukan Andis suka daɗe suna noma wani nau'inta domin cin saiwarsa, kamar yadda a ƙasar Biyetnam ake yin taliya da garin saiwar har yau. Nau'o'in masu manyan furanni da ake gani a lambunan otal-otal kuwa an fara samar da su ne a Faransa a tsakiyar ƙarni na 19, ta hanyar barbara tsakanin nau'o'i daban-daban. A nawa ganin, ki fara da tsohuwar ta gida mai ƙaramin jan fure, domin ta fi juriya, kuma da wuya a rasa wanda zai ba ki saiwarta kyauta.

Sirrinta duka yana cikin saiwar nan mai kauri wadda take rarrafe a kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar citta, tana da idanu a jikinta, kowane ido kuma shi ne zai zama sabon kara. Ita ake shukawa. Ki zaɓi gutsure mai nauyi a hannu, wanda idan kika matsa shi da yatsa ba ya lotsewa, mai ido biyu ko uku. Idan da wuƙa aka yanko shi, ki barbaɗa toka a wurin yankan, ki bar shi a inuwa kwana ɗaya ya sha iska kafin ya shiga ƙasa.

Aikin da ya fi muhimmanci shi ne gyaran wurin, tun da kin ce ƙasarku jigawa ce. Gwangwama tsiro ce mai ci da sha sosai, rairayi kuwa ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Kada ki yi mata kunya irin ta gero ko gyaɗa, domin a kan tudu ruwa zai zurare ya bar ta. Fangali za ki yi mai ɗan zurfi, irin na masu albasa, faɗinsa kamu biyu, ki haƙe shi zurfin taƙi ɗaya da rabi, sannan ki cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, kwanon sarki ɗaya a kowane taku biyu. Takin ya zama wanda ya kwana biyu har ya yi baƙi ya daina wari, saboda ɗanyen taki yana ƙona sabon toho, yana kuma kiran gara. Idan akwai wani kududdufi kusa da ku da ya ƙafe, ɗalibai su ɗebo baƙar ƙasar gindinsa a haɗa da ita, za ki ga bambanci a yadda fangalin zai riƙe laima.

Ki binne saiwar a kwance, idanun suna kallon sama, zurfin yatsu huɗu zuwa biyar, wato kimanin santimita 10, ki bar kamu ɗaya tsakanin wannan da waccan. Da farko wurin zai yi miki kamar fili ya yi yawa, amma kafin damina ta biyu ta ƙare za su haɗe. Lokacin shuka shi ne bayan ruwa ya zauna, yawanci daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Yuli a wajenku, ba a ruwan farko mai yaudara ba. Daga shuka zuwa fure ana ɗaukar wata biyu da rabi zuwa uku, don haka a shekarar farko sai wajen Satumba za ku ga fure, daidai lokacin da yara suke dawowa daga dogon hutu. A shekarun da za su biyo baya, da yake saiwar ta riga ta kama ƙasa, furen zai riƙa fitowa da wuri. Wurin ya kasance yana samun rana aƙalla awa shida, kuma idan da zaɓi, gabashin gini ya fi yammacinsa, domin ranar la'asar ta watan Afrilu tana babbake gefen ganye.

TAMBAYA: Ƙanena da yake karatu a Ingila ya aiko mini da fakitin irin furanni masu kyan gaske, ya ce a can shekara da shekaru suke yi ba sa mutuwa, har an rubuta a jikin fakitin cewa suna da juriya. Na shuka a gidana da ke kusa da Dambatta, kaɗan suka tsiro, waɗanda suka tsiro ma ba su yi fure ba har suka narke. Ko irin jabu ne?

AMSA: Alhaji, ba na zaton jabu ne, kuma kada ka ga laifin ƙanenka. Juriyar da ake nufi a can juriyar sanyi ce. Masu lambu a Turai da Amurka suna auna tsiro ne da irin sanyin da zai iya ɗauka ba tare da ya mutu ba, har ma'aikatar noma ta Amurka ta raba ƙasarta shiyya 13 bisa mafi tsananin sanyin da ake samu a kowane wuri. Wannan ma'auni bai ce komai ba game da zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu, ko wata bakwai ba ɗigon ruwa, ko gara, ko akuya, alhali kuwa waɗannan su ne jarrabawar da tsiro zai fuskanta a Dambatta.

Akwai kuma dalilai biyu da suke hana irin waɗannan furanni yin fure a wurinmu ko da an ba su ruwa da inuwa. Na farko, da yawa daga cikinsu sai sun kwashe makonni a cikin sanyi mai kusa da na ƙanƙara kafin jikinsu ya shirya fitar da fure, sanyin hunturunmu kuwa, duk da yadda yake sa mu jin wuta da asuba, bai kai nan ba, kuma da hantsi ya ɗaga ya wuce. Na biyu shi ne tsawon yini. A Landan yinin watan Yuni yana wuce awa 16, kuma wannan dogon haske shi ne alamar da wasu furannin suke jira. Mu a Kano, da muke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba. Tsiron zai yi ta jiran alamar da ba za ta zo ba har marka ta ruɓar da shi. Abin sha'awa shi ne a can Ingila gwangwama ce ake ɗauka a matsayin raguwa, domin ƙanƙara tana kashe ta, sai an tone saiwarta an ɓoye a ɗaki har sanyi ya wuce.

Ina kuma tunatar da masu karatu cewa shigo da iri ko dashe daga waje yana ƙarƙashin dokar hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, kuma an yi dokar ne domin kada a shigo mana da cutar da ba mu da ita.

TAMBAYA: Shekara huɗu ke nan da na shuka gwangwama a bayan ɗakina a wani ƙauye kusa da Bunkure. Da fari ta yi fure har maƙwabta suna zuwa kallo, amma bana ganye ne kawai, karan sun yi sirara sun cunkushe, tsakiyar kuma ta zama fili. Na zuba mata yuriya, sai ganyen ya ƙara yawa. Me ya same ta?

AMSA: Hajiya, ba ciwo ne ya kama ta ba, wuri ne ya yi mata kaɗan. Saiwar gwangwama gaba take tafiya kullum, sabon ido yana fita a baki, tsohon ɓangaren da ya riga ya yi fure kuma ya zama busasshen abu marar amfani a baya. Bayan shekara uku sai ki tarar saiwoyin sun hau kan juna, sun cinye takin wurin, tsakiya ta mutu, na gefe kuma suna kokawar neman abinci. Yuriya ba za ta warware wannan ba, domin ganye take ginawa, shi ya sa kika ga abin da kika gani.

Maganin shi ne rabawa, kuma ya kamata a riƙa yi duk bayan shekara biyu ko uku. A ƙarshen bazara, idan hadari ya fara haɗuwa kuma kin ga idanun sun fara kumbura, ki jiƙa wurin da yamma, washegari a sa fartanya daga nesa da gindi a ɗago curin gaba ɗaya. Ki karkaɗe ƙasar, za ki ga bambancin a fili: sabuwar saiwa fara ce ko mai ɗan ja-ja, a cike take, tsohuwar kuma baƙa ce mai zare-zare, wani lokaci da rami a cikinta. Ki yanke sababbin, ki zubar da tsofaffin, ki sabunta takin fangalin, ki mayar da kashi ɗaya cikin uku kawai. Ragowar ki raba wa maƙwabtan nan da suke zuwa kallo. Idan kina son ƙara takin zamani, cikin kwalin ashana ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishi kowane gindi, a zuba shi taƙi ɗaya nesa da kara a rufe da ƙasa, sau ɗaya bayan toho ya fito, sau ɗaya kuma a farkon Agusta.

Akwai wani ƙaramin aiki da yake ƙara yawan fure wanda mutane ba su cika yi ba. Kowane kara sau ɗaya yake haihuwa a rayuwarsa, sai dai yakan fitar da kai na biyu a ɗan ƙasa da na farko. Idan kan farko ya yi yaushi, shi kaɗai za ki cire, ki kula kada ki haɗa da na biyun da yake tafe. Idan duka sun gama, ki sare karan daga ƙasa, domin barinsa tsaye yana tare wa na bayansa haske, ƙarfin tsiron kuma ya tafi wajen yin 'ya'ya.

Tun da kina yankin da ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, ina roƙonki kada a watsa ragowar saiwar a cikin hanyoyin ruwa. Gwangwama tana son bakin ruwa ƙwarai, a Afirka ta Kudu ma an sa ta cikin jerin tsirran da doka ta hana yaɗawa saboda yadda take mamaye rafuka. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ba zai so a ƙara wa manoma wata ɗawainiyar ba.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Birnin Kudu. Na tara 'ya'yan gwangwama na shuka, wata biyu ba abin da ya fito. Da na tone sai na same su yadda na binne su.

AMSA: Ɗana, suna nan da ransu, ɓawonsu ne ba ya barin ruwa ya shiga. Taurin nan ne ya sa ake huda su a yi carbi ko a zuba su a cikin abin kaɗawa, kuma shi ne yake sa su daɗe ƙwarai, har an taɓa samun ƙwayar wani nau'in gwangwama a wani tsohon kabari a Ajantina wadda ta haura shekara 500, aka shuka ta kuma ta tsiro. Ka riƙe ƙwayar da filaya, ka goga gefe ɗaya a kan magagari ko dutse mai kaushi har sai ka hango ɗan fari, ka tsaya a nan. Ka jiƙa ta a ruwa mai ɗumi kwana ɗaya ko biyu, idan ta kumbura ka shuka a leda, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta fito. Sai dai ka sani cewa nau'o'in masu manyan furanni sau da yawa ba sa yin 'ya'ya, idan sun yi ma ba lalle ne su ɗauko launin uwarsu ba. Wanda yake son launi takamaimai, saiwa zai nema.

TAMBAYA: Ina son in shuka gwangwama a jikin katangar gidanmu a wani ƙauye na ƙasar Gumel, amma maigidana ya ce fulawa tana kawo sauro da macizai, kuma za ta kayar masa da katanga. Yaya zan fahimtar da shi?

AMSA: 'Yar'uwa, a kan maganar katanga maigidanki yana da gaskiya, kuma ina ba ki shawara ki fara da amsa masa wannan kafin ki kawo sauran bayani. Idan ginin ƙasa ne, ba saiwar ce abin tsoro ba, domin ba ta da ƙarfin tsaga gini. Laimar ban ruwa ce take jiƙa gindin katanga kullum har ya fara zaizayewa, marka kuma ta zo ta ƙarasa shi. Ki bar aƙalla taku ɗaya da rabi tsakanin fangalin da katangar, kuma gangaren ƙasar ya kasance yana kai ruwa wajen furen, ba wajen gini ba.

Sauro kuwa a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, kuma a lokacin zafi kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ganye wurin hutawa kawai yake ba shi da rana. A nan ma gwangwama tana iya zama mai taimako, domin idan aka shuka ta a ƙarshen makwararar da ruwan alwala da na wanke hannu yake taruwa, za ta shanye ruwan da da zai kwanta ya yi baƙi. A ƙasashe da dama ana amfani da ita musamman wajen tace ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje. Ki dai kiyaye ta daga ruwan da yake da bilic ko omo mai yawa ko kanwa, saboda gishirinsu yana taruwa a ƙasa ya kashe ta sannu a hankali. Game da maciji, abin da yake nema shi ne duhuwa da ɓera da kwaɗi, don haka layi ɗaya siriri wanda ake cire masa busasshen ganye, ana kuma ganin ƙasar gindinsa, bai kai tarin itace ko buhunan da aka jingine a lungu haɗari ba.

TAMBAYA: A garinmu da ke kusa da Maigatari idan rani ya yi nisa ruwan sha ma sai an saya a wurin 'yan garuwa, awaki kuma a sake suke. Shin gwangwama za ta rayu?

AMSA: Baba, za ta rayu idan ba a tilasta mata zama kore duk shekara ba. Wanda yake da wadataccen ruwa zai iya samun fure har cikin rani, amma wanda ba shi da shi ya bar ta ta yi barcinta. Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, a rage ban ruwa a hankali, a bar ganyen ya bushe da kansa domin abincin da ke cikinsa ya koma saiwa, sannan a sare karan a bar ɗan taƙi ɗaya. A lulluɓe fangalin da ɓuntun shinkafa ko busasshen ganyen darbejiya mai kauri. Karan dawa da na gero ba su dace da wannan aiki ba saboda gara tana bin su. A jigawa irin taku, inda rairayi yake ɗaukar zafin da ba a iya taka shi da tsakar rana, ba zan ce a bar ta wata bakwai ba ko ɗigo ba, domin saiwar da take kusa da sama tana iya ƙafewa. Bokiti ɗaya na ruwan alwala ga kowane gindi duk bayan kwana goma zuwa mako biyu ya isa ya riƙe ranta. Idan wannan ma zai yi wuya, a tone saiwar a watan Nuwamba, a jera ta a cikin tsohuwar randa, a rufe da yashi mai ɗan sanyi-sanyi, a ajiye a inuwar ɗaki, a riƙa dubawa duk wata ana cire wadda ta ruɓe, har ruwa ya sauka.

Awaki kam suna cin ta, kuma ba ta da guba a gare su, don haka babu makawa sai an yi danga ko an kewaye ta da ƙaya, musamman a farkon damina lokacin da tohonta yake cikin ɗanyen ganyen farko da dabba za ta gani. Akwai masu ba da shawarar a shuka ƙariya ko albasar kwaɗi a maimakonta, saboda sun fi ta jure fari kuma dabbobi ba su cika kula su ba. Gaskiya ne sun fi ta juriya, amma dukansu biyu suna da guba, ƙariya ma da ruwanta ake dafin kibiya, saboda haka ba na son ganinsu a gidan da yara ƙanana suke wasa.

Ƙwari irin su fara da tsutsar da take naɗe ganye ana iya tsince su da hannu da sassafe kafin rana ta yi zafi. Abin da ba shi da magani shi ne cutar da take sa ganye ya yi zane-zanen rawaya a bin jijiyoyinsa, ya murɗe, tsiron ya tsumbure. Ƙwayar cutar bairos ce, tana yaɗuwa ta hanyar ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye da kuma wuƙar da aka yanka mai ciwo da ita. Duk gindin da ya nuna wannan alama a tumɓuke shi har saiwa a ƙone, a kuma riƙa gasa bakin wuƙa a wuta kafin a koma kan wani gindin. Idan ana shakkar ko cutar ce ko yunwar taki, a ciri ganye ɗaya a sa a leda a kai wa malamin gona na JARDA, wato hukumar bunƙasa noma ta jihar Jigawa, ko na KNARDA ga waɗanda suke jihar Kano, ya duba kafin a raba saiwar ga kowa.